Noman hublon: daga dashe zuwa girbi da busarwa

Gabatarwa

Akwai amfanin gonar da ake nomawa domin ci, kamar hatsi da dawa da wake. Akwai kuma wanda ake nomawa domin masana'antu kaɗai, kamar kaɗa. Hublon yana cikin kashi na biyu. Tsiro ne na ƙasashen sanyi. Ba a nomansa a Nijar, kuma yawancin mutanenmu ba su taɓa ganinsa ba. Amma dubban gidaje a Turai da Amurka da shi suke rufa wa kansu asiri, kuma yadda suke aikinsa ya cancanci a sani.

Abin da ake saye a jikin hublon ɗan gari ne da ke ɓoye cikin furensa. Garin nan ba ya jure zafi, ba ya jure laima, kuma yana lalacewa in ya daɗe a sarari. Manomi yana iya yin wahalar shekara guda, sa'an nan ya yi hasararta cikin yini ɗaya, in ya yi sakaci wajen girbi ko wajen busarwa. Wannan darasi zai bi aikin daki-daki, musamman yadda ake yin sa a yankin Halertau na ƙasar Jamus.

Mine ne hublon?

Faransawa ne suke kiransa hublon. Turawan Ingila suna ce masa hop, Jamusawa kuma hopfen. Masana tsirrai sun ba shi suna Humulus lupulus. Tsiro ne mai yaɗo kamar duma ko soso, sai dai shi sama yake nema. Yaɗon yana nannaɗe duk abin da ya samu, yana riƙe shi da wasu ƴan gashi masu ƙugiya. Kullum gefe ɗaya yake juyawa, wato yadda hannun agogo yake tafiya. In aka nannaɗa shi ta ɗaya gefen, sai ya warware ya faɗo.

Gindinsa yana zaune cikin ƙasa shekara 15 zuwa 20, wani lokaci ma fiye, kuma saiwarsa tana wuce mita 2 a zurfi. Kowace shekara, in sanyin hunturu ya shigo, abin da ke sama ya mutu. In sanyi ya fara janyewa, gindin ya yi sabon toho. A watan Yuni, ran da ɗumi da laima suka haɗu, yaɗon yana iya ƙara tsawon santimita 30 cikin kwana ɗaya.

Hublon yana da namiji da mace, kamar dabino. Mai dabino yana neman namiji domin a yi barbara a samu ƴaƴa. Manomin hublon a Jamus kuwa gudun namiji yake yi. Macen kaɗai ake dasawa, domin furenta ake so, kuma masu saye sun fi son furen da babu iri a cikinsa. Saboda haka doka ta wajabta a tumɓuke duk namijin da ya fito da kansa a bakin daji ko bakin kogi a yankunan noman.

Furen macen ɗan dunƙule ne kore, bai fi girman babban yatsa ba. Ƙananan ganyaye ne masu laushi suka hau kan juna. In an buɗe shi, za a ga gari mai ruwan ɗorawa, mai danƙo, mai ƙamshi, mai ɗaci ƙwarai. Sunansa lupulin. A cikinsa akwai mai, wanda ke ba da ƙamshin, da wani sinadari da ake kira alfa, wanda ke ba da ɗacin. Hublon da tabar wiwi dangi ɗaya ne a lissafin masana, amma hublon ba shi da sinadarin nan na wiwi mai juya hankali.

Mi ake yi da shi?

Fiye da kashi 9 cikin 10 na hublon ɗin duniya masana'antun giya ne suke saye. Aiki uku yake yi musu: yana ba da ɗaci, yana ba da ƙamshi, yana kuma hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, abin sha ya daɗe bai lalace ba. Tun ƙarni na 12 wata malamar Kirista ta Jamus, Hildegard ta Bingen, ta rubuta cewa ɗacinsa yana hana abin sha ruɓewa. A shekara ta 1516 sarakunan Bavariya suka kafa dokar da ta ce sha'ir da hublon da ruwa kaɗai za a sa a giya. Kaɗan ake zubawa: gram 100 zuwa 300 yakan ishi lita 100.

Sanin kowa ne Musulunci ya haramta giya. Wannan darasi bayanin noma ne da ciniki. Ya kamata kuma a san cewa babu barasa a jikin hublon kansa. Barasa tana samuwa ne in yis ya ci zaƙin da ke cikin tsiron sha'ir ko na dawa. Shi ya sa ake samun hublon cikin wasu lemunan malta marasa barasa da ake sayarwa a kantunanmu.

Ragowar amfanin ba shi da yawa, amma yana da ban sha'awa. A Turai ana haɗa shi cikin magungunan ganye na sa barci. Wasu masana'antun sukari suna amfani da ruwansa domin kashe ƙwayoyin cuta. A Amurka masu kiwon zuma suna sa wani magani da aka yi da shi domin yaƙi da ƙwaron da ke addabar ƙudan zuma. A Beljiyam kuma ana dafa ɗanyen tohonsa a ci, kuma yana cikin kayan lambu mafi tsada.

Ina ake nomansa?

Ƙasashe biyu ne suke kan gaba, Jamus da Amurka. Su biyun suna ba da fiye da kashi 2 cikin 3 na hublon ɗin duniya. A shekara ta 2023 Jamus tana da wajen hekta 20,000, a hannun gidajen manoma kimanin 1,000. Hekta ɗaya ita ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. Daga cikin wannan, wajen hekta 17,000 suna Halertau, wani yanki mai tuddai a jihar Bavariya, arewa da birnin Munik. Ke nan gida ɗaya yana da kimanin hekta 20.

A Amurka mafi yawa yana kwarin Yakima na jihar Washinton, saura kuma a jihohin Oregon da Aidaho. Gonakin can sun fi na Jamus girma nesa ba kusa ba. Ruwan saman da ke sauka a Yakima wajen milimita 200 ne a shekara, wato bai kai na Tawa ba. Da ruwan kogi ake shayar da gonakin, ruwan da ke gangarowa in dusar ƙanƙara ta narke a kan duwatsu.

Ta uku ita ce Jamhuriyar Cek, inda garin Zatec ya yi suna da irinsa mai ƙamshi. A shekara ta 2023 hukumar UNESCO ta sa garin da gonakinsa cikin jerin kayan tarihi na duniya. Ana kuma noma shi a Sin, da Polan, da Ingila, da Ostareliya, da kudancin Afirka ta Kudu.

Don mi ba ya yi a ƙasarmu?

Amsar tana ga tsawon yini. Manomanmu sun san halin maiwa: ko an shuka ta da wuri, ba ta fid da kai sai yini ya fara gajarta, a ƙarshen damina. Hublon ma da tsawon yini yake lissafi. Muddin yini yana da tsawo, ya yi ta hawa yana yin rassa. Da yini ya fara raguwa, sai ya bar girma ya koma yin fure.

A Halertau, a ƙarshen watan Yuni, rana tana yin awa 16 kafin ta faɗi. A Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, yini mafi tsawo bai wuce awa 13 ba. In aka dasa hublon a nan, tun yana ƙarami zai ga yini gajere ne, ya yi ɗan fure kaɗan ya tsaya. Bayan haka gindinsa yana bukatar makonni na sanyi mai tsanani domin ya huta, sa'an nan ya yi toho mai ƙarfi. Sanyin hunturunmu bai kai nan ba. Shi ya sa manyan gonakin hublon suke tsakanin digiri 35 da 55 daga layin da ya raba duniya biyu, alhali garuruwan nan namu suna tsakanin digiri 13 da 15.

A garin Joj na Afirka ta Kudu, wanda ke wajen digiri 34, sai da manoma suka rataya fitilun lantarki a gonaki domin su ƙara wa yini tsawo, masana kuma suka fitar da irin da ya dace da wurin. Wannan dabara tana cin kuɗi mai yawa.

Kafa gona

Kafin a dasa komi, sai an gina rumfa. Ana kafa dirkoki na itace ko na siminti, kimanin 100 a hekta ɗaya, masu tsawon mita 7 daga ƙasa. A samansu ana ja manyan wayoyin ƙarfe tsaye da kwance, kamar raga. Dirkokin gefe ana karkata su waje, a ɗaure su da turaku masu zurfi, domin in amfani ya nuna kuma ruwa ya jiƙa shi, nauyin da ke kan rumfar hekta ɗaya yana kai tan masu yawa. Guguwa tana iya kwantar da rumfa gaba ɗaya ana saura kwanaki kaɗan a yi girbi. A Amurka rumfar ba ta kai haka ba, wajen mita 5 da rabi ce.

Ba a shuka hublon da iri. Yanki ake yankowa daga gindin uwa a dasa, kamar yadda ake yi da rake ko rogo, domin sabon ya gado halin uwarsa sak. Hekta ɗaya tana ɗaukar gindi wajen 2,000, a layuka masu tazarar mita 3 ko fiye kaɗan, yadda tarakta za ta wuce. Ƙasar da yake so ita ce mai zurfi, mai laushi, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta.

A Jamus shekarar farko kusan babu abin da ake girba. Sai a shekara ta biyu ko ta uku gona take ba da cikakken amfani. Ga kuɗin rumfa, ga na injin tsinka, ga na ɗakin busarwa. Duk wanda ya shiga wannan noma ya ɗaure kansa na shekaru masu yawa, ba ya iya juyawa zuwa wani abu a damina mai zuwa yadda mai gujiya zai koma wake.

Aikin shekara

Jamusawa suna da karin magana cewa hublon yana son ganin ubangidansa kowace rana. Hekta ɗaya tana cin aikin awa 200 zuwa 300 a shekara, alhali hektar alkama a can ba ta kai awa 20 ba.

Daga hunturu zuwa Maris ana gyaran rumfa, ana rataya siraran wayoyi daga sama zuwa ƙasa, biyu ga kowane gindi. Ma'aikata suna tsayawa bisa wani dandamali da tarakta ke ɗagawa, su ɗaura wayar a sama, wasu kuma su soke ƙarshenta cikin ƙasa. A Amurka igiyar ɓawon kwakwa ko ta takarda ake sawa.

A Maris da Afrilu ana buɗe gindin a aske samansa. Askin yana rage cutar da ta kwana a jikin tsohon toho, kuma da shi ake daidaita lokacin da sabon zai fito.

Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu ne aiki mafi wuya. Kowane gindi yana fid da toho goma-goma. Sai mutum ya durƙusa, ya zaɓi biyu ko uku masu lafiya ga kowace waya, ya nannaɗa su, ya cire saura. Har yanzu hannu ne yake wannan aiki. Waya 4,000 ce a hekta ɗaya, kuma dole a gama cikin makonni kaɗan. Saboda haka ƴan ci-rani suke zuwa daga Polan da Romaniya. In iska ta warware wasu, a koma a sake nannaɗawa.

A Mayu da Yuni ana yin huɗa a turo ƙasa gindi, ana sa taki kashi-kashi, ana cire ganyen ƙasa domin iska ta ratsa. Manomi yana so yaɗo ya kai saman rumfa wajen 24 ga Yuni. A Yuli fure yake fitowa, a Agusta ya cika. Watannin nan biyu ne hublon ya fi bukatar ruwa.

Abokan gaba

Cututtukan fumfuna iri biyu ne suka fi damunsa, ɗaya tana son laima, ɗaya tana sa ganye ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Ta farkon ta yi ɓarna mai yawa a Jamus, har a shekara ta 1926 aka kafa cibiyar bincike a ƙauyen Hul, cikin Halertau. Cibiyar tana nan har yau. Tana fitar da sababbin iri masu jure cuta, kuma ana sanar da manoma lokacin da ya kamata su yi feshi, domin kada su zuba magani a banza. Akwai wata cuta kuma da ke zaune cikin ƙasa tana sa yaɗo ya yi yaushi ya bushe. Ita ba ta da maganin feshi, sai a tumɓuke gindin da ya kamu. Cikin ƙwari akwai darɓa, da ɗan ƙaramin jan gizo-gizo, dangin wanda masu garkar tumatir suka sani.

Sama ma tana kawo nata. A watan Mayu na 2009 ruwan ƙanƙara ya kakkarya dubban hektoci a Halertau cikin ɗan lokaci. A 2022 zafi da fari suka sa girbin Jamus ya ragu da fiye da kashi 1 cikin 4 in an gwada da na 2021, kuma ɗacin furen ma ya ragu. Yawancin gonakin Jamus da ruwan sama suka dogara. Yanzu manoma suna ƙara shimfiɗa tiyon ban ruwa na ɗigo-ɗigo, suna kuma dasa irin da ya fi jure zafi.

Girbi

Ana fara girbi a ƙarshen Agusta, a gama wajen ƙarshen Satumba. Furen da ya nuna yana da alamu: in an matsa shi ya koma yadda yake, yana ƙara kamar takarda, garin ciki ya yi ruwan zinariya, ƙamshi ya yi ƙarfi. Ana kuma kai samfuri ɗakin awo. In an yi gaggawa, nauyi da ɗaci ba su cika ba. In an makara, fure ya yi ja, ya farfashe, ƙamshi ya juya.

Kowane iri yana da ƴan kwanakinsa na nuna. Manomin da ya cika gonarsa da iri ɗaya, duk amfaninsa zai nuna a lokaci guda, injinsa da ɗakin busarwarsa su kasa. Saboda haka ake dasa iri uku ko huɗu ko fiye, mai saurin nuna da matsakaici da mai jinkiri, domin aiki ya bi juna.

A da hannu ne yake tsinka. Dubun dubatar mutane suke zuwa Halertau kowace shekara, ana biyansu bisa kwando mai cin lita 60. A Ingila talakawan birnin Landan sukan fita da iyalansu zuwa gonakin Kent a watan Satumba. Injin tsinka ya shigo Jamus a tsakiyar shekarun 1950, kuma kafin 1970 ya karɓe kusan dukan aikin.

Yau tarakta ce take bin layi. Wani ƙarfe a gabanta yana yanke yaɗon daga ƙasa, ya fizgo shi daga saman rumfa, ya faɗa cikin amalanken da take ja. In ya cika, a kai gida. A can akwai babban inji a cikin zaure, wanda ba ya motsawa daga wurinsa. Ana rataya yaɗon ɗaya bayan ɗaya, wasu yatsun ƙarfe su tsefe shi. Fanka tana hure ganye, fure kuma ya gangaro ta kan bel, domin shi dunƙule ne, ganye kuwa shimfiɗe yake. Aikin ya yi kama da sheƙar hatsi. Ragowar yaɗo da ganye ana daddatsa su, a tara su su ruɓe, a mayar gona a matsayin taki.

Busarwa

A nan ne ake samu ko a rasa. Ɗanyen fure kusan kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne. In aka bar shi a tsibi na ƴan awoyi, sai ya ɗauki zafi, launinsa ya ɓaci, ƙamshi ya lalace. Saboda haka abin da aka tsinka da safe ba ya kwana ɗanye. A lokacin girbi mai gida ba ya samun barcin kirki, domin ɗakin busarwa yana aiki har cikin dare.

Ɗakin dogo ne, mai hawa uku a ciki, kowane hawa da daɓen raga. Ana zuba ɗanyen fure a hawa na sama. In ya sha iska, a buɗe daɓen ya zubo na tsakiya, daga nan zuwa na ƙasa. Iska mai zafin digiri 62 zuwa 65 tana hurowa daga ƙasa. Cikin awa 4 zuwa 6 an gama. In zafi ya wuce haka, man ƙamshi ya tashi, garin ya ƙone. Kilo 100 na ɗanye ba ya ba da fiye da kilo 25 na busasshe.

Da sauran aiki. In fure ya fito, ganyayensa na waje sun bushe ƙayau, amma ɗan karan da ke tsakiya yana da sauran laima. Sai a zuba shi wani ɗaki, a riƙa hura masa iska mai ɗan sanyi da ɗan laima na wasu awoyi, har ciki da waje su daidaita. Abin da ake nema shi ne ruwa kashi 9 zuwa 11 cikin 100. In ya gaza haka, fure ya ruɓushe, garin ya zube ƙasa, kuɗi ya zube tare da shi. In ya wuce, fumfuna ta kama shi, kuma dilar tana iya yin zafi daga ciki har ta kama wuta. A watan Oktoba na 2006 gobara ta cinye wani babban sito a Yakima, aka yi hasarar wajen kashi 4 cikin 100 na girbin Amurka na shekarar.

Daga nan inji ya danne furen cikin dila. Ta Jamus wajen kilo 60 ce, ta Amurka wajen kilo 90. Hekta ɗaya a Jamus takan ba da tan 2 zuwa 2 da rabi na busasshe a shekara mai kyau, wasu iri ma su kai tan 3.

Hatimi da awo

Kowace dila tana samun hatimi da lamba, waɗanda ke nuna yankin da aka noma ta, da irin, da shekarar. Al'adar tsohuwa ce: garin Spalt na Bavariya ya samu hatiminsa tun 1538, domin kada wani ya sayar da kaya maras kyau da sunan garin. Ana ɗibar samfuri a kai wa masu awo waɗanda ba sa gefen mai saye, ba sa gefen mai sayarwa. Su ne suke duba laima, da yawan ganye da kara, da tabon cuta. Ana kuma auna alfa: irin ƙamshi kamar na Zatec yana da kashi 3 zuwa 5 cikin 100, irin ɗaci kuwa yana kai 15 ko fiye. Wanda kayansa ya fi tsabta a ƙara masa kuɗi, wanda ya gaza a rage masa.

Mafi yawan dilolin masana'anta suke tafiya. A can a niƙa furen, a matse shi ya zama ƴan ƙwayoyi kamar abincin kaji, a rufe cikin leda mai kauri da aka fitar wa iska, a ajiye a ɗakin sanyi. Wani kuma a tatse shi ya zama kamar zuma mai kauri. Ta haka yake yin shekaru bai lalace ba, har ya isa ƙasashe masu nisa, ciki har da na Afirka.

Kasuwa

Hublon ba shi da mai saye sai masana'anta. Ba a cinsa, ba a ba dabba. In ya yi yawa, farashi ya faɗi warwas. In ya yi ƙaranci, ya yi tashin gwauron zabo, domin masana'anta ba ta da abin da za ta sa a madadinsa. A 2007 da 2008 an yi ƙaranci, farashi ya ninka, manoma suka faɗaɗa gonaki. Bayan shekara biyu ko uku kaya ya yi yawa, aka koma tumɓuke gindi. Haka ta sake faruwa a Amurka: gonaki sun yi ta ƙaruwa har zuwa 2021, sa'an nan a 2023 da 2024 aka rage dubban hektoci, har Jamus ta koma kan gaba.

Domin kare kansu, manoma suna sa hannu a yarjejeniya da ƴan kasuwa tun kafin girbi, ta shekara uku ko biyar ko fiye. Takardar tana faɗin irin, da yawan kilo, da farashi. Da ita manomi yake zuwa banki neman bashi. Abin da ya rage bayan an cika alkawari shi ake kaiwa kasuwar yau da kullum, inda ake iya ci ko a faɗi. Suna kuma da ƙungiyar gama kai, HVG, mai cibiya a garin Wolnzach, wadda ke sayen kayan membobinta, ta sarrafa, ta sayar a ƙasashen waje. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da za mu riƙe

Hublon ba namu ba ne, amma duk mai noman sayarwa zai ga kansa a cikin wannan labari. Mai tattasai, da mai yakuwa, da mai aya, da mai albasar da ke jiran farashi a cikin rudu, duk sun san cewa kaya yana iya fita gona da kyau ya lalace a gida. Shanya a kan tabarma ko leda maimakon ƙasa, da tsince tsakuwa da kara, da tabbatar da bushewa kafin a ɗinke buhu, su ne suke raba farashin kaya da kaya. Sunan gari ma dukiya ne. Albasar Galmi ta yi suna har ƙasashen gaɓar teku, kuma buhu ɗaya da aka cusa wa ruɓaɓɓe a ƙasa yana ɓata sunan kowa.

In kuma wani ya zo muku da sabon iri, ya ce ana samun kuɗi da shi a ƙasashen waje, ku yi masa tambaya huɗu kafin ku taɓa aljihu. Shin ya dace da tsawon yininmu da zafinmu da ruwanmu? Wa zai saya, kuma a nawa? Yaya ake adana shi bayan girbi? Shekara nawa za a yi kafin jari ya dawo? Ku nemi shawarar malamin gona na yankinku ko ta cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, kuma ku fara gwadawa a ɗan fili kaɗan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Don mi manomin hublon yake dasa iri dabam-dabam a gona ɗaya?
2. Mi ke faruwa in fure ya bushe fiye da kima, kuma mi ke faruwa in bai bushe sosai ba?
3. In manomi ya tsinka kilo 2,000 na ɗanyen fure, kilo nawa na busasshe zai samu?
4. Wane amfanin gona ne a garinku yake hasarar daraja bayan girbi, kuma mi ƙungiyarku za ta iya yi a kai?